In Babur Ya Ƙi Ja, Kada Ka Fara da Aljihu

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan makanikan ƙungiya ya yi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu a Wagadugu. Mun buga shi yadda ya faɗa, saboda 'yan'uwan da suke kan hanya ba su samu halarta ba.

  

Da shugaba ya aiko cewa zan yi magana yau, na ce masa, Alhaji, ni hannuna ya fi bakina iya aiki. Ya ce to in zo in faɗi abin da hannun ya sani. Masu ilimin takarda sun riga sun yi mana bayanin duwan da canjin kuɗi. Ni nawa na baƙin mai ne, kuma a kan ciwo ɗaya zan tsaya, wanda ya fi kowane ciwon babur cinye kuɗin 'yan ƙungiyar nan: ka murɗa totur, maimakon babur ya zabura sai ya shaƙe, ko ya yi ta kuka ba ya gaba.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce a taron fatake. Kakanninmu da suka zauna Zango, unguwar da Mosi ke kira Zangwetin, 'yan hanyar Gwanja ne. Su kai kanwa da tufafi, su ɗauko goro daga Salaga, duk a bayan jaki. Mu kuwa tun 2003 da aikin ZACA ya tashi tsohon Zango muka watsu, wasu can gefen Waga 2000, wasu Niyoko, wasu sauran unguwanni. Zirga-zirgar da muke yi da ƙafa a da, yanzu sai da babur. Shi ke kai Hajiya kasuwar Sankaryare da sassafe, shi ke kai yaro tasha ya karɓo kayan da suka iso daga Sinkase, shi ke kai mu suna da jana'iza. Babur ya gaji jaki. To, bafatake na gaske in jakinsa ya fara ɗingishi ba ya jan shi zuwa kasuwa ya karyar. Ɗaga kofaton yake yi ya duba, galibi ya tarar tsakuwa ce ta maƙale.

Bari in ba ku labarin gidana, don kada a ce na kama sunan wani. Ɗan ƙanena yana da babur ɗan 110, irin wanda ya cika garin nan. Wata rana ubangidansa ya aike shi Dakola, bakin iyakar Gana, ya kai wa direba wata takarda da aka manta, mota tana tsaye da kaya tana jira. Ya wuce Kombisiri lafiya. Can gaba kaɗan babur ya fara shaƙewa in ya ba shi totur, har ya mutu. Ya tsaya ya huta minti biyar, ya buga ya tashi garau. Ya yi 'yan kilomitoci, ya sake mutuwa. Haka ya yi ta yi har Po. Kafin ya kai iyaka an tashi daga ofis. Mota ta ƙara kwana, aka biya kuɗin fili da abincin direba da yaransa, mai kaya kuma ya ji ba daɗi.

Da ya dawo, kunya ta hana shi zuwa wurina. Ya kai wa wani makaniki, aka ce kafireta ce, ya sayi sabuwa. Ba ta canja zani ba. Ya kai wa wani, aka ce fistan ne da zobbansa, aka buɗe inji lafiyayye aka canja. Sai da jaka 40 da wani abu ta fita daga aljihun yaron nan, sannan ya turo babur ƙofar garejina yana sunkuyar da kai, ya ce, Baba, ka duba mini. Na yi masa tambayoyi, na hau na zaga har ya shaƙe mini, na sauka na buɗe murfin tanki. Sai na ji ya ja iska, fuuu. A ƙarƙashin murfin ga ledar da ya shimfiɗa don kada mai ya riƙa tsiyaya in ya cika tanki.

Iyayenmu mata sun fi mu sanin dalili. In kin huda gwangwanin madara huji ɗaya, ɗiga kawai take yi. Sai kin huda na biyu iska ta shiga sannan ta zubo. Murfin tanki yana da ɗan huji na shaƙar iska. In leda ko jar ƙura ta toshe shi, mai zai sauko na ɗan lokaci, sannan ya tsaya. In ka huta, iska ta lallaɓa ta shiga, ya sake saukowa. Na zare leda na jefar. Gyaran ke nan, ko dala ban karɓa ba.

Abin da nake so kowa ya tafi da shi gida shi ne wannan: babur yana faɗin inda ke masa ciwo, kuma ana binsa ne daga abu mai araha zuwa mai tsada. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, akwai tambaya uku.

Ta farko, injin ne ke shaƙewa, ko kuwa inji yana ihu amma babur ba ya gudu daidai da ihun? Ciwo biyu ne daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta biyu, yaushe yake yi? Da fara murɗa totur, ko a tsakiya, ko sai ka murɗa shi duka? Da sanyin safiya, ko sai inji ya yi zafi? Ta uku, mene ne abu na ƙarshe da ya faru kafin ciwon ya fara? Ina ka sha mai, wa ya taɓa babur, ruwan sama ya doke shi, ko an kai shi wanki? Makanikin da bai yi maka waɗannan tambayoyi ba ya ɗauko sifana, ka riƙe aljihunka da kyau.

Mu fara da abin da ba ya cikin inji ma sam. Ka ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka sa shi a firi, ka juya tayar baya da hannu. In tana yin nauyi, birki ne ke kamawa ko sarƙa ta yi tsauri ko ta bushe. Bayan tafiya ka kai hannu kusa da gangar birki: in tana huci alhali ba ka taka shi sosai ba, ka kama ɓarawonka. Ka duba iskar taya. Sannan ka dubi lodinka da idon gaskiya. Babur ɗan 110 da aka ɗora wa buhun shinkafa uku da mutum biyu, in ya ƙi hawa gangare ba ciwo gare shi ba, zalunci aka yi masa.

In inji yana ihu babur ba ya ja, musamman a giya ta uku ko ta huɗu, ko da lodi, to kuloci ne ke sulɓewa, abin da muke ce wa ambiriyaj a nan. Wani lokaci saiti kawai yake so. Babur mai kuloci a hannu, a duba ko wayar ta yi tsauri ba ta da ɗan sako-sako. Irin namu da ba su da shi a hannu, akwai sukurun saiti a jikin murfin inji. In saiti bai yi ba, faifan ciki sun cinye, a canja su. Akwai kuma abin da yawancinmu ba su sani ba. Kulocin waɗannan babura a cikin baƙin mai yake wanka, kuma wasu mayukan da aka yi don ƙananan motoci suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa shi sulɓewa. In za ka sayi baƙin mai, ka nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Wannan an yi shi ne don babur.

In kuwa injin ne da kansa ke shaƙewa, to abu huɗu inji ke rayuwa a kansu: iska, mai, wuta, da matsi. A wannan jeri za ka bi su, domin haka tsadarsu take hawa.

Iska tukuna. Mutane suna ɗauka babur mai yake sha. Gaskiya iska ya fi sha nesa ba kusa ba. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone yadda ya kamata, sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000. Duk wannan iska ta cikin matata ɗaya take wucewa, 'yar soso ko takarda da ke cikin akwatin roba. Yanzu ku tuna hunturun garin nan daga Disamba zuwa Fabrairu, ku tuna jar ƙasar unguwannin da ba kwalta. Matata tana toshewa, inji ya rasa numfashi, mai ya yi masa yawa. Alamarsa, a silo yana zaune lafiya, amma in ka ba shi totur sai ya yi ta gurnani, ya fitar da baƙin hayaƙi, shan mai ya ƙaru. Ka buɗe ka duba. In soso ce, a wanke ta, ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. In takarda ce ba a wanke ta, canjawa ake yi. Amma ina roƙonku, kada wanda ya ce maka ka cire matata ka jefar don babur ya ƙara gudu. Zai yi gudun na 'yan watanni, ƙura kuma tana shiga tana goge fistan kamar sanfefa. Lokacin ne za ka buɗe inji da dalili.

Sai mai. Ka fara da murfin tanki, kun ji labarinsa. Sannan ka zare tiyon da ke shiga kafireta ka ga ko mai yana zubowa sosai ko ɗiga yake. Wasu baburan famfonsu ba ya sakin mai sai inji yana juyawa, don haka ka buga kik kana kallo. In ɗiga yake, 'yar matatar mai ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe, ko tsatsar tanki ta taru. Kuma wannan aiki ba a yin sa da taba a baki ko kusa da mai shayi.

Daga nan ka dubi man kansa. Dukanmu mun taɓa shan man kwalba a bakin hanya, domin wani wurin ba gidan mai. Ba duk mai sayar da shi ne macuci ba, amma jarka ba ta da rufin kirki, kuma akwai masu haɗawa da kananzir ko gas. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi mai sukurun tsiyaya. Ka kwance shi ka tari abin da ya fito a farar kwalba. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. In kana zargin haɗi, ka ɗiga man a farar takarda. Fetur mai kyau yana bushewa nan da nan, mai haɗi yana barin tabon maiƙo. In ciwon ya fara ne daga shan mai na ƙarshe, kada ka yarda a taɓa komai sai an juye wannan man an zuba wani.

Ita kafireta, wadda kowa ke ɗora wa laifi, ba a cika samun ta mutu ba. Datti ne ke toshe ta. A cikinta akwai 'yan ƙofofi na tagulla, jiklar a bakinmu, jet a bakin mutanen Najeriya da Gana. Ƙaramar tana ciyar da inji a silo da farkon totur. Allura tana riƙe da tsakiya. Babbar ita ke aiki in ka murɗa totur ya kusa ƙarewa. Kun ga amfanin tambayar nan ta biyu. Babur da ke tafiya lafiya a cikin gari amma ya shaƙe in ka hau babban titi ka buɗe masa, babbar ƙofa ce ko man da ke isowa bai isa ba. Wanda ke mutuwa da ka ɗan taɓa totur a bakin danja, ƙaramar ce. Ga gwaji na kyauta: inji yana da zafi, ka ja cok kaɗan daidai inda yake shaƙewa. In ya ji sauƙi, mai ne ya yi masa kaɗan. Ko ƙofa ta toshe, ko robar da ke tsakanin kafireta da inji ta tsage saboda zafin rana tana shigar da iskar sata. Wanka ake yi wa kafireta, da fetur da iskar famfo. Kada a zura wa ƙofofin nan waya ko allurar ɗinki. Tagulla tana da laushi, hujin zai buɗe, daga nan babur ya koma mashayin mai har abada.

Na uku wuta. Buji, wanda a Kano ake ce wa fulogi, shi ne ɗan leƙen asirinka a cikin inji. Ka kwance shi ka dubi bakinsa. In launin soyayyar gyaɗa ne, cikin lafiya yake. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, ka koma kan matata da cok. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima, kuma wannan ya fi haɗari domin yana iya ƙona fistan. In baƙi ne jiƙe da maiƙo, baƙin mai yana haurowa, magana ta girma. Tazarar bakin buji a yawancin ƙananan baburanmu milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Ka mayar da hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da fetur, ka buga kik. Wuta mai kyau shuɗiya ce mai ƙarfi. Ja ko rawaya mai rauni tana iya riƙe silo, amma ba ta iya ƙona mai in an ba da totur. Ka gwada sabon buji tukuna, shi ya fi araha, sannan hula da wayarta. In babur yana lafiya da safe, ya fara tari in ya yi zafi, ya warke in ya huce, kuma murfin tanki ba shi da laifi, to a zargi kwayil ko akwatin wuta. Ko shi ma kada ka saya sai an ara na wani babur an gwada an ga ciwon ya tafi.

Na huɗu matsi, kuma nan ne kuɗi yake. Ka taka kik a hankali da ƙafa. Inji mai lafiya yana turjewa. In kik yana sauka salalam, matsi ya ragu. Amma ko a nan akwai mai araha kafin mai tsada. Bawul, supap a bakinmu, yana da ɗan sarari da ake bar masa, kamar kaurin gashin kai. In sararin ya rufe, bawul ba ya zama daidai in inji ya yi zafi, ƙarfi ya zube. Saiti ne na rabin awa da ma'auni. Sai an yi wannan, sai an ga shuɗin hayaƙi a salansa da baƙin mai yana raguwa kullum, sannan a yi maganar fistan da zobba.

Dattawan da har yanzu suke riƙe da Yamaha V80 ko P50 ta zamanin da ake haɗa su a Bobo, naku daban ne kaɗan. Waɗannan injuna suna ƙona baƙin mai tare da fetur, don haka gawayi yana taruwa a bakin fitar hayaƙi da cikin salansa. In ƙarfi ya ragu a hankali cikin watanni, a kwance salansa a kankare. Samarin da suka sayi sababbi masu injakshan kuwa, ba ku da kafireta, famfo ne a cikin tanki da 'yar kwamfuta. Matatar iska da buji da kuloci duk maganarsu ɗaya ce da ta sauran. Amma ƙazamin mai ya fi yi muku illa, kuma in fitilar inji ta kama a gaban allo, ku nemi mai na'urar dubawa. Kada a bar mai sukundireba ya yi ta lalube a ciki.

'Yan'uwana makanikai da ke zaune a nan, kada ku ce na tona mana asiri. Yawancinmu ba cuta muke nufi ba. Gaggawa ce, da kunyar cewa ban gano ba. Wani laifin kuma naku ne masu babur. In na share awa ɗaya ina bincike na gano leda ce, sai a ce ai ba ka yi komai ba, a miƙo mini dala ashirin. In na canja kafireta, a biya ba gardama. Kun ga kun koya wa makaniki cewa sayar da kaya ya fi gano ciwo riba. Ku biya kuɗin bincike da daɗin rai, shi ya fi muku araha. Sannan duk abin da za a canja, ku ce a nuna muku inda ya lalace, kuma a ba ku tsohon ku tafi da shi. A canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. In an canja uku a tare babur ya warke, ba wanda ya san wanne ne mai laifi, kai dai ka biya uku.

Masu fita wajen gari, ko Puytenga ce ko Kupela ko Po, ba sai na gaya muku yadda hanyoyinmu suka zama a 'yan shekarun nan ba. Ba wanda ke son magariba ta same shi a daji yana tura babur da kuɗin mutane a ƙugu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In babur ya fara shaƙewa ko sau ɗaya a cikin gari, a duba shi kafin a ɗauki hanya. A ƙarƙashin sirdi kuma kada a rasa sabon buji ɗaya da sifanarsa, sukundireba, filaya, guntun tiyon mai, da 'yar matatar mai. Duka ba su kai kuɗin kwana ɗaya na mota a bakin iyaka ba.

Ina da roƙo ɗaya ga shugaba da kwamiti. Kafin hunturu ya shigo, a sa mana rana ɗaya, duk yaran da ake aike da babur su zo da baburansu. Ni da abokan aikina mun yarda za mu nuna musu da hannu yadda ake wanke matata, da tsiyaye kofin kafireta, da karanta bakin buji, ba tare da ko sisi ba. Iyayenmu mata masu hawa su ma su zo, domin su aka fi yi wa tsada a gareji. Ɗan ƙanen nan nawa ya ce shi zai fara zuwa, kuma zai taho da ledarsa ya nuna wa kowa.

 In na yi kuskure a gafarce ni, bakin makaniki ne. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya tsare matafiyanmu, ya kai kowa gidansa lafiya.